Sawun Hannu a Soron Wanka

Ranar Litinin bayan azahar bangon soron wanka na tsohon masallacin Zangon Takama ya rufto, ya karya wa ladan ƙafa. Sai ranar Laraba aka tuna da ni. Kwana biyu, a tsakiyar damina, bayan ruwa ya sauka har sau biyu! Haka mutane suke. Sai sun gama tattake wuri su kira mai bin sawu, sannan su tsaya suna kallonsa kamar shi ya yi ɓarnar.

Sunana Almoustapha, amma daga Illela har bakin iyaka Almu mai sawu aka sani. Shekara arba'in ina bin shanun sata da raƙuma, wani lokaci da mutane. Gini kam ban taɓa bi ba, haka kuma na faɗa wa Ajidan Jamilu, jandarman da ya zo ɗaukata da kansa a kan babur.

"Baba Almu, hau dai," in ji shi. "A hanya in gaya maka."

Ga abin da ya gaya mini. Fatake ne suka sa aka gina masallacin, shekara ɗari da wani abu, lokacin da ayari ke yada zango a nan kafin ya shiga Konni. A jikinsa akwai ɗan soro inda matafiya ke wanka da alwala. An daɗe da daina amfani da shi, an sa masa kwaɗo. Ƙofa guda ke haɗa soron da cikin masallaci, kuma bangon da ke bisa ƙofar nan ne ya faɗo wa ladan Mahmud yana naɗe tabarmi. Da aka kwashe ƙasa sai aka ga abin da ya tada gari. Azara biyar ce ke ɗauke da bangon, uku aka samu. Gurbin sauran biyun an cusa sabuwar ƙasa, an yaɓe ta cikin soron.

"Wani ya zare su ke nan," na ce.

"Ya zare, ya rufe. Mabuɗi kuma guda ne, yana hannun Hamani, sarkin magina. Kakansa ne ya gina wurin. Na tambaye shi, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Jibi Juma'a da safe zan kai shi Illela gaban alƙali, doka ba ta ba ni in wuce haka ba." Ya rage gudu saboda wani kududdufi. "Shekararsa saba'in da ɗoriya, ga ciwon ƙirji. In ya shiga kaso ba da ƙafarsa zai fito ba. Raina bai kwanta ba, Baba, shi ya sa na zo maka."

*

Wurin kam ba abin da aka bar mini. Na ga sawun jakai biyu, na awaki, na wata mace mai tsohon ciki, na yara ba adadi. Yaɓen da ake magana a kai ya zama tsibin laka, ruwa ya narkar da shi. Na tsuguna don kada a ce ban tsuguna ba.

Mutane suka kewaye ni, kowa da nasa mai laifi.

"Ɗiyar nan ce mai na'ura," in ji wani tsoho. "Sau biyu ta haska ma ginin jan haske. Ginin da ya shekara ɗari bai motsa ba!"

"Haske ke zare azara?" wani ya ce masa. "A tambayi Alhaji Kamalu. Tun bara yake son a rushe a yi na siminti."

"Ni dai na ga amalanken Tijjani bayan masallaci," in ji wata mata daga nesa. "Da idona."

Tijjani makiyayi ne. Ko akuya ta ɓata, ko sama ta ƙi ruwa, ba a rasa mai ambaton makiyayi. Ni ma jininsu ne, na saba, har na daina jin haushi sosai.

*

An ajiye Hamani a wani ɗaki a gidan maigari, da jandarma a ƙofa. Na same shi zaune bisa buzu, dogo, ƙasusuwa a waje, yana jan carbi.

"Sarkin magina, ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Mabuɗin soron nan, wa ka taɓa ba?"

"Yana aljihuna."

"Kullum?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Tunda ya hana ni bakinsa sai na kalli hannuwansa. Na dama ya fi na hagu girma, tafin ya yi kanta, farata sun cinye, kamar na duk magini da ya tsufa cikin laka. Na hagun hannu ne kawai irin na kowa.

"Ka san jibi za a kai ka Illela?"

"Na sani." Ya ɗago ya dube ni. "Almu, kai shanu ka sani. Koma ga shanunka."

Na sha zama gaban waɗanda ake zargi. Mai laifi rantsuwa yake yi tun ba a tambaye shi ba, wanda aka yi wa ƙazafi kuma fushi yake yi har ya kasa magana. Wannan tsoho bai yi ko ɗaya ba. Zama ya yi irin na mai gadi.

*

Alhaji Kamalu na da motoci biyu da ke jigila zuwa Konni, da shago a bakin kasuwa, da murya wadda ba ta buƙatar lasifika. Tun kafin in zauna ya fara.

"Na san mi ya kawo ka. E, na so a rushe. Ban ɓoye ba, gaban liman na faɗa. Amma da rana tsaka, da katafila, kowa na kallo. Ni zan shiga soro kamar ɓera in zari itace? Haba, Malam Almu!"

"An ce kana da azara."

"Ga ta can, je ka ƙirga."

Ban ƙirga ba, na dai sunsuna. Sabuwa ce, ja, tana warin ɗanyen itace. Ukun da aka tono daga masallaci baƙaƙe ne kamar gindin tukunya. Da muka yi sallama ya ba ni hannu, laushi kamar na jariri. Wannan hannu bai taɓa yaɓa ko murhu ba.

Tijjani na same shi a bayan gari yana ɗaure maruƙa. Muka gaisa da Fulatanci, ya ɗan saki jiki.

"Sau ɗaya amalankena ta tsaya bayan masallaci," in ji shi. "Farkon damina, ranar da aka rufe Umma, matar sarkin magina. Makara na ɗauko, da ruwa, da itacen rufin kabari, na kai maƙabarta. Lada na nema, Kawu. Ga ladar nan ina gani."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ban tambaye shi wa ya ɗora masa itacen ba. Da na tambaya, da na hutar da ƙafafuna. Amma tsufa ya fara yi mini haka.

*

Mai na'urar, Raihanatu, ƴar Konni ce, ubanta mai motocin haya. Na same ta ranar Alhamis da hantsi a lakwal, makarantar bokon garin, inda malamai suka ba ta ɗaki tun da yara suka fara jifar motarta. Ba ta kai talatin ba. Idanunta sun nuna ba ta samun barci.

"Baba, kai ma ka zo ka ce ni na rushe?"

"Ni ban ce kome ba tukuna, ɗiyata. Nuna mini abin."

Ta buɗe akwati ta fito da shi. Bai fi tulun yara girma ba, ana ɗora shi bisa ƙafafu uku. Ta ce leza ake kiran hasken. Na'urar na juyawa a hankali tana jefa siririn haske a bango, tana auna nisan duk inda ya taɓa, sau miliyoyi, har ginin ya fito cikin kwamfuta da kowane tudu da kowane kwari nasa.

"Hasken nan ko ƙuda bai kashewa," ta ce. "A Tunis na koyi aikin. Can akwai tsofaffin gidajen wanka da Rumawa suka bari, sun kusa shekara dubu biyu, da wagga na'ura muke gane inda rufinsu ke shirin faɗuwa. Da na dawo na ce mu ma muna da namu, ba wanda ya taɓa auna su. Ka ga abin da ya jawo mini."

Sau biyu ta auna soron, Hamani ne ya buɗe mata duka biyun. Na farko da bazara, kafin ruwan fari. Na biyu mako uku da suka wuce. Ta ɗora awon biyu bisa na farko a fuskar kwamfuta. Inda bango bai sauya ba ya fito kore. Bisa ƙofar kuwa ja wur, faɗin tabarmar salla.

"Ya sauko da kamar yatsa biyu. Na gaya ma dattawan masallaci a tokare shi da itace, suka ce sai an gama noma. Ni kuma na ɗauka damshi ne kawai, ban matsa ba." Ta sake duban jan wurin. "Da na matsa, da ladan na bisa ƙafarsa."

"Cire mini launin nan," na ce. "Matso da wurin kusa."

Ta yi. Sai toka-toka, ba abin gani.

"Kina iya sa masa rana?"

"Rana?"

"Ba a bin sawu da rana tsaka, ɗiyata. Da sassafe ake bi, lokacin da haske ke kwance a ƙasa, kowane ɗan rami ya samu inuwa."

Ta dube ni, ta danna wani abu, ta ja yatsa. Hasken ya kwanta ta gefe. Wallahi sai da na ja da baya. Bangon da ruwa ya narkar shekaranjiya ga shi a gabana, da layukan yatsu a jikinsa, baka bisa baka, kowane jan hannu ya hau kan ɗan'uwansa kamar ɓawon kifi.

"Koma na bazara."

Ta koma. Nan tsohon yaɓen Hamani ne, wanda yake sabuntawa duk shekara. Salon guda ne, ba ko tantama. Na bi layukan da ido har inda hannun ke tsayawa kafin a ɗaga shi. Nan ake kama mutum, ko a ƙasa ko a bango. Yatsu huɗu sun bar ɗigo huɗu, babban yatsa ya bar nasa ta hagu. Na ɗora tafina na dama a bangon ɗakin don in tabbata. Haka ne, babban yatsa hagu yake kallo.

"Yanzu sabon."

Ɗigo huɗu. Babban yatsa ta dama. Na duba wuri goma, duk haka.

"Mi ka gani, Baba?"

"Wanda ya yi wanga yaɓe a hannun Hamani ya koya. Amma ba Hamani ba ne. Bahago ne."

"To ai da sauƙi. A tambaya wane magini ne bahago a garin."

Na yi dariya, ba don abin da dariya ba. Ta daɗe a waje, ta manta. Wa zai ce maka shi bahago ne? Tun yaro na rarrafe, in ya miƙa hagu ga tuwo ake buge hannun, a ɗaure shi da tsumma, a sa masa barkono. Kafin ya shekara bakwai ya iya ci da dama, gaisuwa da dama, aiki gaban mutane da dama. Hagun ba ta zuwa ko'ina. Tana nan tana jiran ranar da zai kasance shi kaɗai, cikin gaggawa.

*

Gidan Hamani na bayan marina. Ɗansa guda ne namiji, Sufyan, mai shekara talatin ko kusa, shi ma magini, manomi kuma. Ya fito ya tarbe ni a zaure, ya ba ni hannun dama, ya kawo ruwa da hannun dama. Daga cikin gida ana jin kukan jariri.

"Ka je ka ga tsoho?" na tambaye shi.

"Ya hana ni."

"Don mi?"

"Haka ya ce."

A jikin bangon zauren an rataye kayan gona. Na miƙe kamar mai miƙe ƙafa, na ɗauki lauje guda na riƙe. Ya ƙi zama mini a hannu. An wasa bakinsa ta ɗaya gefen, ƙotar kuma ta cinye inda bai kamata ta cinye ba. Na mayar da shi hannun hagu, sai ya zauna daram.

"Na wa ne?"

"Na gida ne."

Na rataye shi inda na ɗauko. "Allah ya jiƙan Umma. Ban samu zuwa gaisuwa ba."

"Amin."

"An ce Tijjani ya kai muku itacen rufi. Wa ya nemo itacen?"

Ya sunkuyar da kai, hannunsa na hagu ya kama gefen tabarma ya murɗe. Na yi masa sallama na fita.

Na sha kama ɓarayin shanu, in dawo gida in ci tuwo har in nemi ƙari. Ranar nan ban ji daɗin kome ba. Na zauna gindin wata bishiyar bedi na daɗe, ina tunanin ko in hau mota in koma Illela in ce sawu ya ɓace. Amma in na yi haka tsoho zai mutu a kaso, kuma garin zai ci gaba da jifar yarinya da zagin Tijjani. Na tashi na nemi Ajidan.

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Maigari da liman bisa tabarma, ladan Mahmud bisa gadon da aka ɗauko shi a kai, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori. Alhaji Kamalu ya zo da kujerarsa. Tijjani ya tsaya gefe da sandarsa. Raihanatu ta ɗora kwamfutarta bisa turmin da aka kifa. Aka fito da Hamani. Sufyan na can baya, jikin bango.

Na sa an kwaɓa ƙasa da ciyawa a cikin kwando, aka ajiye gaban katangar da ba ta faɗi ba.

"Ni ba mai dogon zance ba ne," na ce. "Hasken ɗiyar nan bai rushe kome ba. Shi ne ma ya ajiye mana abin da ƙafafunku da ruwa suka ɓata. Alhaji Kamalu bai iya yaɓe ba. Tijjani makara ya ɗauko. Wanda bai gamsu ba ya same ni daga baya." Na juya. "Sarkin magina, yaɓa mana nan, kamu biyu."

Ya dube ni kamar zai ƙi. Amma magini ne, ga laka a gabansa. Ya naɗe hannun riga, ya ɗebo da dama, ya maka, ya ja. Sau shida ya ja. Abin sha'awa, wallahi, ko a hakan.

Na kira maigari da liman su matso. Na nuna musu babban yatsa a katanga, ta hagu. Na nuna musu a kwamfuta, a yaɓen da aka rufe gurbin azara da shi, ta dama. Liman ya ɗora tafinsa a katanga, ya juya shi, ya sake ɗora ɗayan. Ya ce, "Ikon Allah."

"Ba hannun Hamani ba ne," na ce. "Bahago ya yi aikin nan."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Na lura da wasu tsofaffi biyu da suka sunkuyar da kai. Masu dogon tunani ke nan, sun tuna yaron da aka sha buge wa hagu.

"Ni ne."

Hamani ne ya yi magana, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Ni na zare su. Da hagu na yaɓe don in ɓad da sawu. Ajidan, mu tahi."

Kwana uku ana roƙonsa ya ce e ko a'a, ya ƙi, don ba ya son ya yi ƙarya. Yau ga shi ya yi ta gaban liman. Ajidan Jamilu ya dube ni, na kau da kai. Aikinsa ne, ba nawa ba.

"To, Baba," in ji Ajidan a hankali, "yi mana da hagun mu gani."

Tsoho ya sunkuya ya ɗebo laka da hagu. Ya maka, ta zame ta faɗo masa bisa ƙafa. Ya sake ɗebowa. Wannan karon ta kama, ya ja, yatsun suka tafi a karkace kamar sawun kaza, rabin lakar ya biyo hannunsa. Ya sake. Numfashinsa ya fara fita da ƙara, gumi na sauka ta gemunsa. Mutumin da ya shekara sittin yana yaɓe, ga shi gaban garinsu yana fama kamar wanda bai taɓa ganin laka ba. Ba wanda ya yi dariya. Ko Alhaji Kamalu ƙasa yake kallo.

Yana sunkuyawa karo na huɗu sai Sufyan ya ratso mutane ya tsaya kusa da shi.

"Koma," in ji Hamani, bai ko dube shi ba. "Na gaya maka, in ka sa kanka cikin wagga magana ban yafe maka ba."

"Na ji, Baba."

Ya durƙusa ya ɗebo laka da hagu. Ya maka bisa wadda uban ya ɓata, ya ja, ya ja, ya ja. Baka bisa baka, sumul, ko ɗigo bai faɗo ba. Ba sai na nuna wa kowa babban yatsa ba.

Ya juyo ya yi magana, yana kallon liman. Ya ce Umma da asuba ta cika. Aka aike shi neman itacen rufin kabari, abin da ya samu duk ɗanyen bedi ne da ƙirare. Shi kuwa ya ga yadda kabarin kakarsa ya rufta tun damina ba ta fita ba, don gara ta cinye itacen. Ya ce ba zai iya ba. Azara ce kaɗai gara ba ta ci, kuma babu ta a garin ranar nan sai a soron. Ya zari mabuɗi daga rigar uban, mutane na can gidan makoki, ya shiga da hantsi, ya zare biyu, ya yaɓe, ya sassare su guntu-guntu ya naɗe a tabarma ya ɗora wa Tijjani.

"Na ce uku za su riƙe har kaka, in sayo sababbi in mayar. Na yi kuskure. Baba ya gane su tun a bakin kabari, lokacin da ake jera su. Bai ce mini kome ba sai ranar da bango ya faɗi." Ya juya wajen gadon. "Malam Mahmud, ni na karya ka."

Ladan ya daɗe yana kallon ƙafarsa. "Shekara talatin Umma na cika mana randar alwala," ya ce. "Ba wanda ya sa ta."

"To azarar fa?" in ji Alhaji Kamalu, amma da ƙaramar murya. "Ta masallaci ce."

"Ba mai taɓa kabari," in ji liman.

Ajidan ya ce dole Sufyan ya je Illela, tunda an ji wa mutum rauni. Abin da ladan zai faɗa gaban alƙali kuma, wannan tsakaninsa da Allah. Ya ce da Hamani ya tafi gida, an sallame shi. Sannan ya ciro ankwa, ya dubi hannun Sufyan da ke caɓe da laka har gwiwa, ya tsaya.

"A ba ni buta," in ji Hamani.

Aka miƙo masa. Ya kamo hannun ɗansa na hagu, wanda ya yi shekaru yana bugewa daga akushi da kwandon laka, ya zuba ruwa. Ya wanke tafin, ya wanke bayan, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farata. Bai yi sauri ba, ba kuma wanda ya ce ya yi. Sufyan na kuka ba sauti. Da ya gama ya goge hannun da bakin rigarsa, ya ɗaga kai ya dubi katangar, inda yaɓensa na dama ke gefe da na yaron.

"Ya fi nawa kyau," ya ce. "Tun yana ƙarami na sani."

Ajidan ya mayar da ankwar aljihu. Suka tafi a ƙasa, shi da Sufyan, kafaɗa da kafaɗa, tsoho na biye da su da butar a hannu har bakin hanya.

Washegari na hau motar kasuwa na koma gida. Raihanatu ta zauna ta gama awonta, ba wanda ya sake jifarta. Bayan kaka na bi ta garin ina neman wasu shanu uku da aka kora daga Tajaye. An sake yaɓe katangar masallacin gaba ɗaya, sarkin magina da kansa ya tsaya a kan aikin. Wuri guda kawai aka tsallake, faɗin kamu biyu, ba a taɓa shi ba.